Tsagar Bangon Cocin Masunta

Ku matso. A rage fitilar nan. Sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba shi ya sani.

Tanimu magini ne, ɗan wan mahaifiyata. Daga ƙasar Katsina ya gangara Gana yana saurayi, ya zauna a wani ɗan zango yamma da Sakondi, kusa da ƙauyen masunta. Can ya yi aure. Mutum ne mai hannu, ba mai baki ba. Abu ɗaya ne ba ya iya gani ya wuce: ɓaraka a jikin bango. Haka ya taso a gida, kafin damina a bi bango a toshe, a yaɓe. Wanda ya koya masa aiki kuma ya dasa masa wata ɗabi'a. Ragowar kwaɓi ba a zubarwa. A nemi wani rami a cike wa mai gida kyauta.

A kan wani dutse da ya miƙa wuya cikin teku akwai coci. Masunta ke shiga. An gina shi jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, shekarar da teku ta cinye kwalekwalen ƙauyen da mazan da ke ciki. Fadan wurin, wato limamin cocin, ya kira wani Bature mai zanen gini, shi kuwa bai yi irin cocin da kuka sani ba. Babu hasumiya. Babu fenti. Babu kwano a sama. Kankare ne zalla, toka-toka, har sawun katakon da aka zuba shi a ciki yana nan a jiki, kana ganin jijiyar itacen. Rufin ya lanƙwaso daga sama har ƙasa kamar an kife kwalekwale. Tagogi 'yan ƙanana, ba a jere ba, wata sama wata ƙasa, da gilashi mai kauri, shuɗi da kore. In ka shiga da rana sai ka ɗauka a ƙarƙashin ruwa kake. Daɓen ma gangarawa yake wajen teku. Ƙararrawar a waje aka rataye ta.

Bangon da ke kallon teku kuwa a tsage yake. Tsaga ɗaya, miƙaƙƙiya, daga daɓe har rufi, faɗinta kamu guda. Saitinta ƙofar shiga ce, ita kuma ba ta da ƙyaure. In ka tsaya a ƙofa, ta cikin tsagar za ka hango teku.

Gishiri ba ya barin ƙarfe. Da shekaru suka ja, rodin cikin rufin ya yi tsatsa, kankare ya fara zubowa kan bencina. Aka kira Tanimu. Wasu a zango suka ce me ya kai Musulmi gyaran coci. Ya ce bango ba ya salla. Ya ɗauki kayansa.

Mai kula da wurin wani tsoho ne, Papa Ebo, katikis, wato mai taimaka wa Fada da koyar da addini. Ya yi soja, can ya iya Hausa. Bakinsa ba ya hutawa. Tanimu na bisa tsani, shi yana ƙasa yana mita.

"Masta, ka ga tsagar nan? Ita za ta kashe ni. Ruwan sama ya shigo, ya jiƙa mini mayafin teburi. Sanyi ya shigo, ya zauna a gwiwata. Kyandir ba ya minti ɗaya a kunne. Baturen ya tafi ƙasarsu ya bar ni da ita."

"Uhm," in ji Tanimu.

Kullum sai ya faɗa. Kullum Tanimu ya ce uhm. Amma idonsa na kan tsagar.

Ran da aikin rufi ya ƙare, Papa Ebo ba ya nan. Ya tafi jana'izar wani ɗan'uwansa, kuma jana'izar mutanen can ba ta kwana ɗaya ba ce. Tanimu ya duba kaya. Siminti ya ragu. Kwaɓi ya ragu. Ga guntayen rodi, ga duwatsu. Ya kalli tsagar. Ya ce tsohon nan ya dawo ya ga abin mamaki.

Rana ta take tsaka. Masunta sun kwanta ƙarƙashin kwakwa. Ya durƙusa zai fara, sai ya ga sawu a daɓe. Ƙafa ce tsirara, jiƙaƙƙiya. Ta taso daga bakin tsagar, ta bi tsakiyar bencina, ta fita ƙofa. Bai ga mai ita ba. Ya ce wata ce daga cikin matan da teku ta ci mazansu, don sukan zo su zauna. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda mace za ta hawo ta bayan dutsen nan ba, inda babu komai sai gangare da kumfa.

Ya kafa rodi a ƙasa. Ya jera dutse. Ya zuba kwaɓi mai ƙarfi, irin wanda ake yi wa gindin gada. Ya hau da shi har ya wuce tsayin mutum, ya bar sama don haske. Ya shafe, har ya danna katako a jiki ya fitar da irin sawun na asali. Ba ka ce ba tare aka gina su ba.

Yana sa cokalin gini na ƙarshe, ƙarar teku ta ɗauke. Ba raguwa ta yi ba. Ɗaukewa ta yi, kamar an toshe masa kunne. Ya ce alamar aiki ya yi kyau ke nan. Ya wanke hannu ya tafi gida.

Matarsa Adiza tana da tsohon ciki. Na fari ne da ya tsaya, bayan waɗanda suka zube. Da magariba naƙuda ta taso. Aka kira ungozoma, Iya Tabawa, aka kori maza waje.

Gari ya waye, shiru. Rana ta faɗi, shiru. Aka yi rubutu aka wanke, aka ba ta. Aka nemi mota zuwa babban asibiti, aka ce ruwa ya cinye gada, sai an gyara. Tanimu ya zauna ya tashi. Ya je bakin masallaci ya dawo. Ya ɗauki tsintsiya ya ajiye. Da farko yana jin nishin Adiza daga ɗaki. Daga baya sai ya kasa kunne kafin ya ji.

Washegari da hantsi Iya Tabawa ta fito tana goge hannu a zani.

"Iya, yaya?"

"Ɗa yana da rai. Ya sauko, ya tsaya. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Komai daidai, amma ya ƙi fitowa." Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai kuma ka daina yi mini sintiri a ƙofa kamar akuyar da aka ɗaure. Je ka nemi abin yi."

"Ita fa?"

"Ƙarfinta na ƙarewa. In aka kai dare a haka, ban sani ba."

Ƙafarsa ce ta kai shi cocin. Ya ce wa kansa kayan aiki zai kwaso.

Tun daga ƙofa ya ji wurin ya canza. Zafi. Wari kamar na taru da aka bari a rana. Hasken gilashin ya yi duhu-duhu. Ya sunkuya ya dubi daɓe. Sawu ne ko'ina. Daga ƙofa zuwa sabon bangonsa, daga bangon zuwa ƙofa. Sun hau kan juna, sun yi layi fari. Ba ruwa ba ne yanzu. Gishiri ne.

"Magini."

A gaban bangon take tsaye. Tsohuwa ce doguwa, siririya, da zani mai launin gansakuka. Tulu a kanta, cike, hannu ɗaya na riƙe da shi. Leɓenta duk ya tsage.

"Sannu, Iya. Mai wurin ba ya nan."

"Kai nake jira."

Bakinta ya gama motsi kafin maganar ta iso. Kuma ba daga bakin take fitowa ba. Kamar daga cikin tulun.

"Ka buɗe," in ji ta.

"Me zan buɗe?"

"Abin da ka rufe. Ruwan daɗi na je ɗebowa a marmaron tudu. Na dawo na tarar da dutse."

"Iya, nan ba hanya ba ce. Bayan bangon nan teku ce."

"Na sani."

"In gangara kike so, ga hanyar masunta can. Ki kewaya."

"Ba ma kewaye."

Ran Tanimu ya ɓaci. Kwana biyu bai runtsa ba. Kuma tunda ya fara riƙe cokali bai taɓa rushe aikin hannunsa ba.

"Aikina ba ya rushuwa don wata ta ƙi takawa. Sauke tulun nan ki huta."

"Ba a saukewa sai a gaban mai naƙuda." Ta juyo da fuska sosai. Idonta ba ya ƙiftawa. "'Yata tana kan gwiwa a ƙasa. Ba ta haihuwa sai ta sha ruwan tudu. Tun ran da ka rufe take jira. Taka ma tana jira, ko ba haka ba?"

Bai faɗa wa kowa a nan zancen naƙudar matarsa ba.

Ta juya ta taka zuwa bangon, kamar yadda take yi tun shekaranjiya. Zanin ya ɗage kaɗan. Diddige ne a gaba. Yatsun suna baya, suna kallonsa.

Bai san lokacin da ya fita ba. Gudu yake, har ya yi karo da mutum a gindin ƙararrawa, suka zube tare. Papa Ebo ne, da baƙin zanensa na makoki da ƙullin kaya.

"Masta! Kashe ni za ka yi a dawo da jana'iza gida? Wa ya biyo ka?"

Tanimu ya nuna cocin. Papa Ebo ya leƙa ta ƙofa. Ya nemi teku ta cikin tsaga, bai gan ta ba. Ƙullin ya faɗi daga hannunsa.

"Me ka yi?"

"Kai ka ce tana damunka."

"Mita nake yi! Mita! Tun kana shan nono nake mitar tsagar nan, ka ga wanda ya taɓa ta? Matata ma kullum ina mitarta, sai ka je ka shafe ta da siminti?"

"Papa, akwai mace a ciki."

Tsohon ya taɓa goshi da ƙirji.

"Da tulu?"

"Da tulu."

Ya ja Tanimu gefe, ya rage murya.

"Baturen nan don haske ya zana tsagar. Ya ce matan da suka rasa maza su riƙa ganin teku suna addu'a. Gilashi ya sa. Da safe aka tarar da shi a ƙasa. Ya sake sa wani mai kauri, shi ma haka. Ba fashewa ba, Masta. Cire shi ake yi a jingine a gefe, ko tsagewa babu. Sai tsofaffin masunta suka je wurin Fada, suka ce dutsen nan hanyar mutanen ruwa ce tun kafin kakanninsu. Ta nan suke hawa marmaro. Fada bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce a bar ta a buɗe, a cire ƙyauren ƙofa ma. Baturen ya tsaya ya duba, ya ce haka ya fi kyau. Tun daga ranar teku ba ta sake cin kwalekwalenmu gaba ɗaya ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai kana tambaya ne? Uhm, uhm, kamar saniya."

Tanimu ya dubi rana. Ta karkata. Ya tuna abin da Iya Tabawa ta ce game da dare.

"Zo ka riƙe mini tsani."

"Ni? Ciki?"

"Adiza za ta mutu, Papa."

Tsohon ya ɗaure zanensa a ƙugu. Ya shiga gaba.

Tsohuwar tana nan inda Tanimu ya bar ta. Papa Ebo bai gan ta ba, sawun kawai yake gani, amma ya bi gefe ya ba wurin sarari. Tanimu ya ɗauki guduma da ƙarfen fasa kankare, ya hau. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

"Karanta," in ji tsohuwar daga bayansa. "Mu ma muna karantawa. Amma hannu ya riƙa aiki."

Ya buga. Ƙarfen ya yi tsalle. Siminti ya riga ya kama, kuma shi ya kwaɓa shi, ya san abin da ya zuba. Ya sake bugawa. Ɗan gutsure ya faɗi. Papa Ebo ya kama waƙar cocinsu a hankali, yana yi yana tari.

A bayansa ƙafa na tafiya. Zuwa ƙofa. Dawowa. Zuwa ƙofa. Dawowa. Ba irin takun jiƙaƙƙiyar ƙafa ba. Kamar ana jan busasshen ganye.

Dutse ya fita, wani ya biyo. Tafin hannunsa ya fashe. Gudumar ta riƙa zamewa saboda jini, ya yage hannun rigarsa ya naɗe. Hasken gilashin ya tashi daga kore ya koma baƙi-baƙi. Da rushewar ta sauko tsayin ƙirji ya sauka daga tsani. Da ya kai ƙugu iskar teku ta bugo shi, ƙarar ruwa ta dawo gaba ɗaya har Papa Ebo ya toshe kunne.

Ya kai gwiwa. Hannunsa ba ya ɗaguwa.

"Iya, ga shi. Ki tsallaka."

"Ba ma tsallake."

"Ɗan wannan? Ko yaro zai haye!"

"Har ƙasa, magini. Yadda ka same ta."

Ya waiwaya. Bai kamata ba. Fatar fuskarta ta dare kamar ƙasan tafki da rani. Hannun da ke riƙe da tulun yana karkarwa, ruwan na taɓa baki yana komawa. Ya gane in tulun nan ya faɗi, an gama. Can ƙasa da kuma can gida.

Gindin shi ne mai rodi. Nan ya fi ƙwarewa, nan ya fi ƙarfi. Ya durƙusa. Ya tone kewayen ƙarfen, ya lanƙwasa shi, ya mayar, ya lanƙwasa. Papa Ebo ya bar waƙa ya kama tare da shi, yana zagin Baturen, yana zagin gwiwarsa, yana zagin Katsina da bai taɓa gani ba. Rodin farko ya karye. Na biyu ya fito da tushensa. Na ƙarshe ya ƙi. Daga zango, can nesa, aka fara kiran magariba.

Tanimu ya sa ƙafa a bango, ya naɗe ƙarfen da hannun da ya fashe, ya ja da duk abin da ya rage masa. Ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa. Ya faɗi da baya, rodin a hannu.

Ya share bakin tsagar da tafin hannu. Har ƙura.

Ta zo. Sanyi ya riga ta isowa. Ta tsaya a kansa.

"Miƙo butarka."

Butar alwalarsa na gefen kaya. Ya miƙa. Ta karkata kai kaɗan, tulun bai sauka ba, ruwa ya zubo siriri ya shiga.

"Ka ba ta ta sha. Kada ka rufe bakin butar. Kada ka yi magana a hanya."

Sai ta kama wuyan hannunsa na dama, wanda ya yi ginin, wanda ya yi rushewar. Ta riƙe kamar mai auna wani abu. Ta saki. Ta shiga tsagar a miƙe, tulu da komai. Papa Ebo ya ce shi abin da ya gani kawai, sawu ne ya jiƙe a bakin tsaga, ɗaya, sannan babu.

Tanimu bai yi gudu ba, don kada ruwan ya zube. Mutane na gaishe shi a hanya, bai amsa ba. Liman ya kira sunansa, ya wuce. A ƙofar ɗaki mata sun yi jugum. Iya Tabawa ta fito, ta ga jini, ta ga buta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa. Ta sake kallon fuskarsa, ta karɓa ta koma ciki.

Ya zauna a ƙasa. Ba a yi kiran lisha ba ya ji kuka. Siriri, mai tsiwa. Can kuma ya ji muryar Adiza, ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko mace ce.

Mace ce.

Da hannun ya warke ya koma aiki. Ya kwaɓa siminti, ya ɗora bulo. Washegari kwaɓin na nan danye. Aka jira, bai bushe ba. Ya canza siminti, ya canza yashi. Duk abin da hannun nan na dama ya taɓa ba ya kamawa. Hannun kullum a sanyaye, kullum da laima. Gini ya ƙare masa ke nan.

Ya zauna gida har abin ya ishe shi. Wata rana maƙwabcinsa na haƙa rijiya, ana ta samun ruwan gishiri, kamar kowace rijiya a gaɓar nan. Tanimu ya dafa ƙasa zai tashi, a wani gefe can, sai ya ji tafin hannunsa ya yi zir. Ya ce a gwada nan. Aka haƙa. Ruwan daɗi. Daga ranar ya zama mai nuna rijiya, har ya mutu. Ƙauyukan bakin tekun nan da yawa ruwansa suke sha. In ya ga ɓaraka a bangon wani, sai ya sa hannu a aljihu ya tambaya tukuna.

Papa Ebo ya ci gaba da mitar tsagarsa. Amma in baƙo na kusa, sai ya ƙara da cewa, "Ina sonta haka."

Cocin yana nan. Masu karatun zanen gini suna zuwa daga nesa su ɗauki hoto. In kun je za ku ga tabo a gefen tsagar, daga ƙasa zuwa sama da kai, inda ƙarfen Tanimu ya ci. In rana ta take tsaka, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai. In kun shiga, ku bi gefe, ku bar tsakiya. In kun ga sawu a jiƙe, ku yi sallama ku ba da hanya.

Yarinyar da aka haifa kuwa kun san ta. Goggo Tasalla ce, da ta zo bikin bara, wadda kuka yi ta dariya don ba ta sa takalmi rufaffe. Gobe ku tambayi uwarku, ita ta share ɗakin da ta kwana. Ta faɗa muku irin jiƙaƙƙen sawun da ta gani a daɓe.

A kashe fitilar.